Burodin Talakan Koriya A Hannun 'Yar Minista

Yau a kan burodi za mu yi faɗa, wanda ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta ya daure ya karanta har ƙasa.

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya lura an fara gajiya da Dubai da Landan. Yanzu Koriya ta Kudu ake yayi. Ba abin mamaki ba ne, waɗanda suka taso da kallon Jumong da Boys Over Flowers su ne ke riƙe da alƙalami yau. Sai ka ga an tura jaruma karatu birnin Seoul, 'yar minista ce ko 'yar wani hamshaƙi, an kai ta katafaren kanti ita da saurayi, sun gangara zauren da masu abinci suke jere, ta tsaya a wata rumfa ta sayi burodin nan mai cuso a ciki. Daga nan sai a hau kwarzanta shi, wai abinci ne na wane da wane, ta yatsina ta gutsira ta lumshe ido, an wuce wurin. A 'yan layukan nan an shara wa mai karatu ƙarya, kuma an jefar da labari mai kyau a kwata.

Mu fara da cewa burodin nan abincin talaka ne. Sunansa jinpang, ma'anarsa turararren burodi. Wanda ya san alkubus ya san rabinsa: ƙullin fulawa ne da yis, a bar shi ya tashi, a cusa masa jan wake da aka dafa da sukari aka dame, a turara. Asalin irin wannan turaren daga ƙasar Sin yake, amma abin da ya baza shi a Koriya yunwa ce. An gwabza yaƙi a ƙasar daga 1950 zuwa 1953, aka fito tana cikin matalautan ƙasashen duniya, shinkafar da ta zame musu tuwo ba ta isa. Amurka ta riƙa turo rarar alkamarta a matsayin agaji, ƙarƙashin wata doka da ta yi a 1954. Gwamnatin Park Chung-hee kuwa ta tilasta wa mutane cin fulawa don a tsimi shinkafa. A 1969 an hana gidajen abinci sayar da shinkafa da rana a ranakun Laraba da Asabar, malaman makaranta har buɗe kwanon abincin yara suke yi su ga ko an gauraya shinkafar da sha'ir. A cikin wannan matsin ne kamfanin Samlip ya fito da nasa na leda a 1971, ya sa masa suna hoppang, wai daga "ho, ho" ɗin da mutum yake yi yana hura shi saboda zafi. Har yau in hunturu ya kama za ka ga tukunyar gilashi tana tururi a kan teburin ƙananan shaguna, lebura da ɗan makaranta da direba suna miƙa canji suna karɓa, su ci a tsaye su wuce. Akwai ma wani ƙauye, Anheung, a lardin Gangwon, da sunansa ya fita a ƙasar saboda wannan burodi kawai.

To wannan shi ne aka ɗora wa 'yar minista a matsayin shaidar gayu. Kwatankwacinsa shi ne wani Bakoriye ya rubuta cewa attajiran Kano ba sa shiga taro sai da ƙullin ƙosai a takarda, don shi ne abincin masu hannu da shuni. Da dariya za mu yi masa har da riƙe ciki. Ba muna cewa mai kuɗi ba ya cin hoppang ba ne. Yana ci, kamar yadda Alhaji ke aika direba wajen mai ƙosai. Amma ya san abin da yake ci, kuma ba don a gan shi yake ci ba.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Ba kowane cuso ne wake ba. Rumfunan da ke sayar da jinpang galibi suna haɗawa da wang-mandu, babban ƙulli mai nama da ganye, a ido kusan kamarsu ɗaya. Naman da aka fi ci a Koriya na alade ne, na shanu tsada gare shi, don haka in an ce mai nama ne a irin wannan rumfa ta araha, sai ka ƙaddara alade ne har sai an tabbatar maka da akasin haka. Ko wanda ake kira na ganye, yachae, sau da yawa da alade a cikinsa. Shi ya sa Musulmin da ke zaune a can kalmar da suke fara haddacewa ita ce dwaeji-gogi, naman alade, kuma dokar ƙasar ta wajabta a rubuta shi a jikin ledar abinci in yana ciki. Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar. Babban masallacin Seoul da ke unguwar Itaewon a 1976 aka buɗe shi, kuma a kewayensa aka fi samun gidajen abincin halal.

Yanzu ku duba abin da ake yi. Jarumar da a babi na uku ta raba dare tana nafila, a babi na tara ta nuna "mai naman nan" da yatsa ta cinye biyu, ba tambaya ba waiwaye. Ita ba ta sani ba, wanda ya ƙirƙire ta bai sani ba. Kuma wannan ba abin wasa ba ne, don gwamnatin Koriya tana ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu, har da 'yan Najeriya. Yarinyar da ke karanta littafinki a waya yau tana iya tsintar kanta gaban wannan rumfa gobe, kuma abin da ta sani game da ita daga wajenki ta ji.

Mun san amsar da za a ba mu: ai ƙirƙira ce, ba littafin tarihi ba. Haka ne, kuma kana da ikon ƙirƙiro ƙasa sukutum, ka sa mata suna, ka ce mutanenta gajimare suke ci. Amma da zarar ka rubuta Seoul ka ɗauki alkawarin Seoul, birni ne da mutane kusan miliyan goma suke kwana suke tashi a cikinsa. Wasu kuma za su ce to a daina kai labari ƙasar waje mana, kowa ya tsaya a Fagge da Tudun Wada. Wannan ma ba mu yarda ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya zuba a Magana Jari Ce, ba wanda ya ce ya yi laifi. Kuɗin jirgi ma ba hujja ba ne. Datar da aka ƙarar a kallon shiri mai kashi sittin ta isa a binciki abin da jarumin shirin yake taunawa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne labarin da aka bari ya zube. Ku tuna mu wake da gishiri muka san shi, da barkono da manja: ƙosai, alale, garau-garau. Bahaushiya ta gutsiri farin burodi mai laushi ta ji wake da sukari a bakinta, me fuskarta za ta yi? Za ta tofar ne, ko kunyar tsohuwar mai rumfa za ta sa ta haɗiye? A watan Janairu sanyin Seoul kan yi ƙasa da sifili, irin wanda hunturunmu na Disamba bai kama ƙafarsa ba. Yarinya ta fito daga aji yatsunta sun sandare, kuɗin wata ya kusa ƙarewa, ta tsaya tana haɗa kalmomi uku da ta iya don ta tambaya ko da alade, a ce mata babu, ta rungumi burodin da hannu biyu tana ɗumama tafinta kafin ta ci, ƙamshin tururin ya tuno mata da alkubus ɗin Inna ranar Juma'a. A nan mai karatu zai san ko wace ce ita, ya san aljihunta da imaninta da kewarta, ba sai an ɓata shafi uku ana lissafa mana tsadar jakarta ba.

Su ma sauran ba ɗaya suke ba, a daina tattara su a kira su kayan maƙulashe. Hotteok soya shi ake yi a faranti, da jan sukari da kirfa da gyaɗa a ciki, sukarin ya narke har ya ƙona harshen mai gaggawa. Bungeoppang gasa shi ake yi a ƙarfe mai siffar kifi, kuma ba kifi a cikinsa, jan waken ne dai.

Shi kansa zauren abincin yana da tsarinsa. A yawancinsu sai ka biya tukuna, a kanta ko a na'ura, a ba ka lamba ko ɗan faifai mai rawa in abincinka ya sauka, kai za ka je ka ɗauko. Ruwan sha kai za ka tara da kanka, in ka gama kai za ka mayar da tire inda ake ajiyewa. Babu ma'aikacin da zai rusuna ya ce ranki ya daɗe me za a kawo miki, kamar yadda ake rubutawa. Akwai kuma 'yar takarda manne a gindin burodin, wadda ake ɓarewa kafin a kai baki. Jaruman littattafanmu dai har yau ba mu ga wadda ta ɓare ta ba, da alama da ita suke haɗiyewa.