Kujerar Kiru da Bebeji: Mu Yi Lissafi Kafin Ranar Ƙuri'a

Wanda ke karanta wa mutane wannan takarda ya ɗaga murya, domin na bakin zaure ma su ji.

Zaɓen 2027 ya ƙarato, motoci masu lasifika za su cika kasuwanninmu tun daga Kwanar Ɗangora har Riruwai, kowa da waƙarsa. Mu ba waƙa muka kawo ba. Lissafi muka kawo a kan mutum guda, Alhaji Abdulmumin Jibrin, ɗan garin Kofa a ƙasar Bebeji, wanda jama'ar Kiru da Bebeji suka aika Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Da farko a gane aikin. Wakilai 360 ne a majalisar, 24 daga cikinsu daga Jihar Kano. Babban aikinsu ba rabon atamfa da buhun shinkafa ba ne. Kowace shekara Shugaban Ƙasa yakan kawo musu kasafin kuɗi, watau takardar da ta ce ga abin da za a kashe, ga inda za a kashe shi, kuma ba a taɓa ko kwabo bisa doka sai sun amince. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo tana hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, hukumar kuwa ta Tarayya ce. Hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada ta keta dajin Falgore, ita ma ta Tarayya ce. To, in ba a rubuta su cikin waccan takarda ba, ko mun yi kuka har muryarmu ta dushe, babu mai zuwa da katafila.

Nan ne Kofa ya yi zarra. An fara zaɓensa a 2011, aka ba shi shugabancin kwamitin kuɗi yana sabon shiga. Da aka sake zaɓensa a 2015 sai aka damƙa masa kwamitin kasafin kuɗi ɗungurungum, wanda duk wani aikin gwamnati sai ya bi ta teburinsa. Mutumin da ya zauna a kujerun nan biyu ya san inda ake ɓoye kuɗi a cikin takarda, ya san inda ake tono su.

Sa'an nan aka zo shekarar 2016. A watan Yuli ya bar kujerar kwamitin, ya fito fili ya zargi shugaban majalisa na lokacin, Yakubu Dogara, da wasu manyanta da yin cushe a kasafin kuɗi. Ya ce cikin Naira miliyan dubu 100 da aka ware don ayyukan mazaɓu, manya sun nemi su keɓe wa kansu miliyan dubu 40. Waɗanda ya zarga sun musanta, wannan kuma haƙƙinsu ne mu faɗa. A watan Satumba majalisa ta dakatar da shi na kwanakin zama 180. Kwanakin zama fa, ba kwanakin kalanda ba, shi ya sa bai koma ba sai Maris 2018. Shekara ɗaya da rabi ke nan kujerar Kiru da Bebeji tana nan wayam, ana kasafi ana rabo, babu mai cewa uffan da sunanmu. A watan Mayu na 2018 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka.

Mun san abin da 'yan hamayya ke faɗa a majalisun shayi: wai me ya hana shi magana sai da ya rasa kujera? Tambaya ce mai kyau, ba za mu kauce mata ba. Amma fa ku tuna, wakilai nawa ne aka cire daga kujera suka ja bakinsu suka yi gum don kada tuwo ya ƙare? Shi ya yi magana, ya sha wuyar maganar, kuma tun daga ranar talakan Nijeriya ya koyi kalmar cushe, ya fara tambayar inda kuɗin aikin mazaɓarsa suka shiga.

Ya kuma ɗanɗani faɗuwa. Ya ci zaɓen 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke shi, aka sake jefa ƙuri'a a Janairu 2020, Aliyu Datti Yako na PDP ya kayar da shi da rata mai yawa. Ku kuka yi wannan, ba wani ba. Ya yi aiki a Hukumar Gidaje ta Tarayya, ya dawo ya roƙe ku, a 2023 kuka mayar da shi, daga baya aka ba shi kwamitin gidaje. Wanda ya taɓa shan kaye a hannun talaka ya san ƙuri'a ba gadon gidansu ba ce.

Saura zancen sauya sheƙa. Gaskiya ne, ya fara a PDP, ya koma APC kafin zaɓen 2015, ya shiga NNPP a 2022, a ƙarshen 2025 ya sake komawa APC. Ba za mu ce wannan abin ado ba ne. Sai dai a Kano ta yau, a nuna mana babban ɗan siyasar da bai taɓa canza riga ba, mu ba shi goro.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne daɗewa. A majalisa sabon zuwa yakan share shekaru yana koyon hanya, manyan kujeru kuwa tsofaffin hannu ake ba. Mutanen Tudun Wada da Doguwa shaida ne. Sun aika Alhaji Alhassan Ado Doguwa a 1992, suka sake aika shi a 2007 suka yi ta mayar da shi, har ya zama mai tsawatarwa a 2015, ya zama shugaban masu rinjaye daga 2019 zuwa 2023. Da kowane zaɓe sabon mutum suke turawa, da ba su ga wannan ba.

Don haka shawararmu ga Kiru da Bebeji ita ce a riƙe wanda ya san takardar. Amma ba a rufe ido ba. In ya zo garinku, dattawa su zaunar da shi, su tambaye shi layin da aka rubuta hanyarku, da rijiyarku, da ɗakin shan maganinku, da nawa aka sa, da wanda aka ba kwangila. Ya san amsar, kada ku bari ya tashi bai ba da ita ba.

Kowa ya nemo katin zaɓensa tun yanzu ya adana. Maigida ya duba na iyalinsa, matan aure da samarin da suka cika shekara 18. Ranar ƙuri'a a fito da sassafe, a bi layi ba faɗa ba zagi, kuma kada a watse sai an ƙirga a gabanku an rubuta sakamako.