Fita Buɗe Ido Da Ƙawaye

Idan ƙungiyarku ta shirya fita, a cikin Kano kaɗai akwai Gidan Makama, mai tarihi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga karofin Ƙofar Mata, ga Dutsen Dala ga mai ƙarfin gwiwa. Shi dai a hau shi da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Wurin cin abinci ne ake ɓata zumunci. Wata ta ci kaza, wata masa kawai, sannan a ce a raba kuɗi daidai. Mai ƙaramin ƙarfi ta biya da kuɗin cefane, kunya ta hana ta magana. Ku yanke abin da kowa za ta bayar tun a gida, har da kuɗin mota, ku damƙa wa mutum ɗaya ta biya.