Masu Bikin Gatsby, Kun Karanta Littafin Kuwa?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da littafin The Great Gatsby sunan shagali. Musamman tun da fim ɗin Leonardo DiCaprio ya fito a 2013, ko'ina a Amurka da Ingila sai ka ji ana shirya "daren Gatsby": riguna masu ƙyalli, gashin tsuntsu a ka, giya kamar da bakin ƙwarya. Littafin da F. Scott Fitzgerald ya fitar a 1925 don ya tona asirin zamaninsa, shi aka ɗauka ana yi wa zamanin talla da shi. Wannan rainin hankali ne.

A 1922 labarin ya faru, lokacin da dokar Amurka ta haramta sayar da barasa. To, ina Gatsby ya samo dukiyar da yake watsawa a katafaren gidansa na Long Island? Fasa-ƙwaurin barasar ne. Ubangidansa Wolfsheim kuwa, marubucin ya ƙago shi ne daga Arnold Rothstein, ɗan cacar da aka zarga da sayen 'yan wasa a gasar ƙwallon besbol ta 1919. Baƙin da ke cika gidan sun san da walakin. Suna shan giyarsa, suna tsegumin wai ya taɓa kashe mutum, ba wanda ya ajiye kofi.

Duk Juma'a ake sauke akwatunan lemo a gidan, ranar Litinin a fitar da tulin ɓawo ta ƙofar baya, barori takwas suna goge ɓarnar da aka yi. Su ba wanda ke sa kayansu ya je biki.

Amma inda littafin ya fi zafi shi ne kan hanyar zuwa New York, wurin da ake jibge tokar birnin. Nan George Wilson ke da garejinsa, toka ta rufe shi har gashin kai, ciniki babu. Matarsa Myrtle kuma attajiri Tom Buchanan ke nema, mutumin da ya fasa mata hanci da mari ɗaya don ta ambaci sunan matarsa Daisy. Shi Tom ɗin ne ke zaune kan tebur yana wa'azin fifikon farar fata, kuma ba shi kaɗai ba ne a ƙasar: a 1924 majalisa ta toshe ƙofa ga baƙi daga Asiya, ta kuma taƙaita masu zuwa daga kudancin Turai, a 1925 dubban 'yan Ku Klux Klan suka yi maci a Washington da rana tsaka. Wannan ne zamanin da ake kewa?

Dubi yadda aka rabu. Daisy ce ke tuƙa motar Gatsby lokacin da motar ta take Myrtle. Tom ya gaya wa Wilson cewa motar ta Gatsby ce. Wilson ya harbe Gatsby a wurin ninƙaya, ya harbe kansa. Gawa uku, dukkansu 'ya'yan talakawa, don shi ma Gatsby ɗan manomi ne daga North Dakota da ya sauya suna. A cikin ɗaruruwan da suka ci arzikinsa, mutum ɗaya tak ya je maƙabarta. Daisy ko saƙon ta'aziyya ba ta aiko ba. Ita da Tom sun haɗa kaya sun bar gari ba adireshi. Da Nick, mai ba da labarin, ya ci karo da Tom bayan 'yan makonni, ko a jikinsa. Ya kare kansa, ya miƙa hannu aka gaisa, ya shige kantin gwala-gwalai abinsa.