Addu'a ga wanda ya ƙona maka gida

Duk wanda ya san Bangi, cikin gundumar Madawa, ya san iyakar da ke tsakaninta da ƙasar Sabon Birni ba ta hana auratayya ko cin kasuwa ba. Saboda haka, da ƴan bindiga suka addabi gabashin jihar Sakkwato, nan jama'a suka nufo. A watan Nuwamban 2021 kaɗai, hukumar HCR ta ƙidaya mutum dubu 11 da 500 da suka ƙetaro, akasarinsu mata da yara, suka rarrabu cikin ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi, inda talakawa suka raba ɗan hatsin rumbunsu da su.

A irin wannan wuri, in aka ce ma mutum ya roƙa ma maƙiyinsa alheri, sai ya ɗauka ba'a ake yi masa. Amma abin da addinin Kirista ya ɗora ma mabiyansa ke nan. Kiristoci ba su da yawa a jihar Tawa. Mutanen Madawa da Buza da Kaita sun fi saninsu ta asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950. Linjilar Matiyu, sura ta 5, ta umurce su da ƙaunar abokin gaba da yin addu'a domin mai tsananta musu. Falken da ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansar ɗansa zai ce wannan magana ce ta wanda wuta ba ta taɓa ba.

To, wutar ta taɓa su. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, kuma a Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka cinna ma wuta, alhali Kiristocin Nijar ba su zana komi ba, ba su buga komi ba. Shugabanninsu suka yi kira ga yafiya, aka koma ibada cikin kangaye, ba a ji an ɗauki fansa ba. Kada kuma a manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu a waɗannan ranaku.

Mai gardama zai ce tsiraru ba su da zaɓi, rashin ƙarfi ne aka sa ma sunan haƙuri. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai labarin Fada Pier Luigi Maccalli bai shiga wannan awo ba. Ƴan ta'adda suka sace wannan limamin Katolika ɗan Italiya a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina Faso, daren 17 ga Satumban 2018, suka riƙe shi cikin hamada, wani lokaci da mari a ƙafa, har Oktoban 2020 da aka sako shi a Mali tare da Soumaïla Cissé. Bayan ya kuɓuta, yana zaune lafiya a ƙasarsu, babu bindiga a kansa, ya bayyana cewa ya yafe musu, ya kuma siffanta masu tsaronsa a matsayin samarin da aka juya ma tunani. Wanda ya fita hannun maƙiyi ba tsoro ke sa shi yafiya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, waɗanda suka san yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi a halaka su, yana fatan zuriyarsu ta shiryu.

Amfanin wannan addu'a a fili yake ga mai lura da yadda fitinar ke yaɗuwa. Wanda ke ambaton maƙiyinsa gaban Allah dole ya tantance ko wane ne maƙiyin: wane da wane da suka zo bisa babur, ba ƙabilarsu duka ba. Inda aka rasa wannan tantancewa an ga sakamako. A Oktoban 2021 ƴan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta jihar Sakkwato. Ba a jima ba ƴan bindiga suka faɗa ma kasuwar Goronyo, aka rasa rai 43. Waɗanda suka mutu nan da can cin kasuwa suka je. Ɗan kasuwar Bangi da ke sayen bisashe hannun makiyayi, ya sayar masa da gero da atamfa, shi ne na farko da zai yi asara ranar da aka fara kallon kowane mai sanda a matsayin ɓarawo.

Amma fa ma'aikacin gwamnati kada ya fake a nan. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ne, shi ke bayarwa in ya ga dama. Jandarma da alƙali ba su da izinin yafe jinin kowa. Ranar 14 ga Oktoban 2016 aka sace Jeffery Woodke, Ba'amurke Kirista mai aikin agaji, daga gidansa a Abalak, nan jihar Tawa. Ya samu kansa a Maris na 2023, bayan shekara 6 da wata 5, duniya duka ta ji labari. A daren da aka ɗauke shi an harbe mutum biyu ƴan Nijar, mai gadinsa da wani jami'in tsaro, kuma iyalansu na da haƙƙin da hukuma ce kaɗai za ta bi musu.