Wa Ke Tsara Manhajar Da Ke Wayarki?

'Yan'uwana mata, zancenmu na yau a kan wani aiki ne da ba a cika ambatonsa ba, wato shugabancin tsara manhajar zumunta a sabon kamfani. Mai wannan kujera shi ke yanke abin da za a sa da wanda za a bari.

Ku dubi WhatsApp. An kafa shi a Amurka a 2009, kuma ko a 2014 da Facebook ya saye shi, ma'aikatansa ba su kai 60 ba. A 2013 masu tsara shi suka ƙara saƙon murya. Wannan shawara ita ta buɗe wa uwargidan da ba ta yi boko ba ƙofa. Ga shi mai atamfa a kasuwar Sabon Gari da murya take ciniki, uwar adashi a Samaru da murya take tuna wa 'yan zubi.

Amma fa dace muka yi, ba don mu aka tsara ba. Ina mutumin Kalifoniya ya san gidan da waya ɗaya ce tsakanin miji da mata, ko kuɗin data da ake tsakura daga na cefane? Sai wadda ta tashi a cikinmu.

Mace ta taɓa hawa irin wannan kujera: Fidji Simo ta shugabanci manhajar Facebook daga 2019 zuwa 2021. To 'yan makaranta, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru tana koyar da ilmin kwamfuta, amma sai kin ci Lissafi da Turanci za a ɗauke ki.