Kada Hoton Asibiti Ya Sa A Saki Jiki

Sau da yawa mutumin da ake zargin yana da sankarar prostet, watau ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da zarar an ce hoton MRI bai nuna kome ba sai ya ɗauke ƙafa daga asibiti. Wannan ganganci ne.

Binciken PROMIS da aka yi a Ingila, aka buga a 2017, ya nuna cewa cikin mutum 10 da hotonsu ya fita fes, wajen 1 yana ɗauke da sankara mai haɗari. Saboda haka likitoci ke raba yawan sinadarin PSA na jini da girman ƙululun. In sakamakon ya kai 0.15, sukan ba da shawarar a ɗebo tsoka a gwada. Sukan kuma tambaya ko uba ko ɗan'uwa ya taɓa yin cutar. A Ingila, 1 cikin 4 na maza baƙar fata kan kamu da ita, ninki biyu na Turawa.

Lalle ne asibitocin gwamnati su riƙa ba irin wannan majiyyaci ranar komowa a rubuce, shi kuma ya kiyaye ta.