Taurarin ɗan Adam na Nijar: awa nawa ne rabon gonakin Magarya da Dungas?

A farkon watan Nuwamban 2024 gwamnatin Nijar ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha domin samun taurarin ɗan Adam guda uku: na sadarwa, na ɗaukar hoton ƙasa, da na radar. An yi ta magana kan tsaro da ƴancin kai. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne lokaci. Na'urar da ke sama ba ta kallon ko'ina a lokaci guda, kuma ba duka awoyinta ke tafiya wajen kallo ba.

Masana taurari sun san wannan lissafi sarai. Na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamban 2021, neman ta ake yi a rubuce. Mai buƙata sai ya fara lissafa daƙiƙoƙin da haske zai ɗauka kafin hoto ya fito. Sannan a ɗora masa kusan rabin awa na juya na'urar zuwa abin da yake son gani, da wasu mintuna na kama tauraron da za ta tsaya da shi don kada hoton ya girgiza, da ƙarin kashi 16 cikin 100 na kula da lafiyar na'urar kanta. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Damagaram zuwa Magarya ya san tafiya daban, zaman jiran lodi a tasha daban. A zagayen Oktoban 2024 buƙatu 2,377 aka aika, kuma awoyin da aka nema sun ninka waɗanda ake da su kusan sau tara.

Taurarin da ke kallon ƙasa ma suna da irin wannan ƙaidi. Sentinel-2 na Turai, da hotunansu kyauta ne, bayan kwana biyar suke sake ratsa wuri. In aka yi rashin sa'a hadari ya rufe Dungas ranar, sai wani jiran. Watan Agusta kuwa, lokacin da gero ke fitar da kai kuma tafkunan Korama ke cika, shi ne watan gajimare. Radar na gani ta cikin gajimare, amma Sentinel-1 minti 25 kawai yake iya ɗauka a kewayen da ke cin kusan minti 100, kuma karanta hotonsa sai ƙwararre.

An taɓa cin moriyar ido daga sama a wannan yanki: kwatanta tsofaffin hotunan jirgi da na tauraro ne ya nuna wa duniya yawan gawon da manoman Magarya, Matamai da Mirriya suka raya. Sai dai gawo ya sauƙaƙa aikin, domin da rani yake ganye, lokacin da babu gajimare, kuma ba ya gudu. Ambaliya da fari ba sa jira.

Lokacin Webb kwamitin masana ne ke raba shi bisa hujja. A Nijar, da wuya a musa wa sojoji idan suka nemi Tillaberi ko Diffa tukuna. Rabon Magarya da Dungas zai dogara ne kan ko ma'aikatar noma ta Damagaram na da mutanen da za su iya rubuta buƙatarsu da ranaku da mintuna. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta daɗe tana koyar da aiki da hotunan tauraro, kuma shekara huɗu aka ce ƙera taurarin zai ɗauka.